Yelwa Mai Kifi Ta Ce Da Sauƙi

Yayata Yelwa ba ta iya cewa wayyo ba. Ba yabonta nake yi ba, ku daina gyaɗa mini kai. Na taɓa ganin tafasasshen man gyaɗa ya fantsamo daga kasko ya kwanta mata a bayan hannu, fatar ta tashi nan take, ita kuwa ta ci gaba da juya tarwaɗa tana tambayar direban da ke tsaye ko a ƙara masa yaji. Ni da nake gefe, ni ce na ƙwalla ihu. Ta harare ni ta ce, "Barakatu, ke aka ƙona?" Mutane suka yi ta cewa kai, Yelwa jaruma ce. To ku gyara zama ku ji inda jarumtar ta kai mu.

A Kausani aka haife mu, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce babba. Shekarar da ta zo duniya rumbunan gidanmu sun cika har ana jibge dawa a zaure, shi ya sa kakarmu ta laƙaba mata Yelwa, sunan yanka ya ɓace. Ni aure ya kai ni Indabo, ita ya kawo ta Wudil gidan Isyaku masunci. Shi ya kamo, ita ta gyara ta soya a cikin gida, masu saye su yi sallama a ƙofa. Da zazzaɓi ya ɗauke shi, dangin miji suka fara zancen ta koma Kausani. Tana fita takaba ta ɗauki kaskonta da murhu ta fito bakin gada, ta kafa su inda motocin Gaya da Dutse suke tsayawa, ba ta nemi shawarar kowa ba.

In kun taɓa cin kifi a bakin gadar Wudil har kuka lashe yatsu, ina kyautata zaton nata ne. Da kanta take zuwa bakin ruwa ta zaɓa, ta danna cikin kifi da yatsa, ta shinshina, wanda bai yi mata ba ta tura wa mai shi da ƙafa. Karfasa ta kankare ta tas, tarwaɗa ta murje ta da lemon tsami har yauƙin ya fita. Ba ta sayar da kwantai; abin da ya rage da magariba na maƙwabta ne. Ranar Juma'a in kasuwar Kara ta ci, dillalan shanu sai su cika bencinta suna ci tana wanke su. Wani ya ce kifin ya yi ƙanƙanta, ta ce ga kogi nan, shiga ka kamo babba. Da wannan kaskon ta riƙe ɗanta Garzali har ya gama karatu ya samu aikin ofis a jami'ar garin, ta kuma aurar da ƙanwarsa can Gombe.

Garzali shi ne ɗan fari, kuma a nan gizo yake saƙa. Kun san kunyar ɗan fari. To Yaya ta ɗauki tata ta haɗa da ta mutanen unguwa. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ba ta cin abinci a gabansa. In ya zo gaisuwa sai ya tsuguna a bakin ƙofa, bayan labule, ita tana ciki tana amsa wa bango. Matar da take tsayawa ta kwance wa dillalin shanu zani a kasuwa, in ta ji muryar ɗanta a zaure sai ta hau neman mayafi. Na sha ce mata, "Yaya, wannan ɗa ne ko suruki?" Sai ta ce mini fitsararriya. Shi ma kada ku ce ba ya ƙaunarta. Yana ƙaunarta kamar ransa, amma an raine shi a kan kada ya dubi idonta, ya kuwa riƙe da hannu biyu.

Ciwon ya fara mata da murɗar ciki da rama. Ta ce shawara ce, ta sha jiƙe-jiƙe. Ashe ta daɗe tana ganin jini in ta zagaya, ta bar wa cikinta. Ni ma ba gaya mini ta yi ba, kama ta na yi ta dafa bango tana haɗa gumi, na tsare ta a ɗaki na ce ko ta faɗa ko in tara mata jama'a. Muka ɗauke ta zuwa babban asibiti a Kano. Aka yi ta gwaje-gwaje, aka ce ciwon daji ne a hanji. Aka yi mata aiki, aka yanke inda ya lalace aka haɗe. Ni na yi jinyarta a ƙasan gado, a kan tabarma, har aka sallame mu.

Likitar da ke duba ta yarinya ce, ba ta kai Garzali ba, sunanta Radiyya. Ranar sallama ta tsaya a kanmu ta yi magana da Hausa mai kyau. Ta ce abin da ido ya gani sun cire, kuma bai kai ga hanta ba. Amma ciwon nan yana barin iri wanda ido ba ya gani, don haka in ɗinkin ya warke za a ɗora ta a kan wata ƙwaya ta 'yan watanni. In ta shanye ta lafiya, akwai kyakkyawan fatan ta rabu da shi ta koma sana'arta. Na fita baranda na yi kukan murna kamar wata yarinya. Yayata za ta rayu, abin da ya rage haɗiyar ƙwaya ce kawai. Wace wahala ce a haɗiyar ƙwaya?

Ranar da za a ba da ƙwayar tare muka koma mu uku. A ƙofar ɗakin likita aka ce mai rakiya ɗaya ne zai shiga da ita. Garzali ya ce shi zai shiga, tunda shi ke jin Turanci ko da za a yi bayanin takarda. Na zauna a benci ina cizon yatsa. Abin da ya faru a ciki sai daga baya na ji shi, daga bakin likitar da kuma bakinsa, kuma duk lokacin da na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Sunan ƙwayar ya fi ƙarfin bakina, kafesitabin ko me. A sha safe da yamma bayan an ci abinci, mako biyu ana sha, mako ɗaya a huta, a sake komawa. Likita ta ce ƙwaya ce mai kaifi, tana yaƙar ciwo amma tana taɓa lafiyayyen jiki. Ta ce in bakinta ya fashe, ko tafin hannu da na ƙafa suka yi ja suna zugi, ko zazzaɓi ya zo, a tsayar da ƙwayar a kira ta. Ta ce kada a haɗa mata da wani magani sai an tambaya. Sannan ta dubi Yaya ta ce, "Mama, babban abin da nake tsoro shi ne zawo. In kika ga kina zagayawa fiye da yadda kika saba..."

Shi ke nan fa. An ambaci zawo a gaban ɗan fari! Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska, kunnenta ya toshe. Garzali ya sunkuyar da kai yana ƙirga yatsun ƙafarsa, yana addu'ar a wuce wurin. Mutum biyu a ɗaki, likita tana faɗar maganar da rai ya rataya a kanta, babu mai saurare ko ɗaya. Ta ce sun gane? Suka ce sun gane. Ta karɓi lambar wayar Garzali ta ce za ta riƙa kira. Da suka fito na ce me aka ce, Yaya ta ce, "A sha safe da yamma."

Garzali ya roƙe ta ta koma gidansa, can wajen jami'a, matarsa ta kula da ita. Ta ce Allah ya tsare ta da shiga bayin gidan yaron nan, surukarta tana ji. Ta koma ɗakinta ita kaɗai. Ni kuma 'yata Sakina ta haihu a Indabo, haihuwar fari, ba mai yi mata wankan jego sai ni. Na tafi hankalina kwance, don zagayen farko ya wuce ba wani abu sai kasala da ɗan tashin zuciya.

A zagaye na biyu ne Garzali ya hango fuskarta ta gefen labule, ya ga ta yi fari. Ya faɗa wa abokan aikinsa, kowa ya zama likita. Jini ne ya yi ƙasa! A ba ta na ƙarin jini! Ya tafi wani kemis a bakin titi, mai shagon ya miƙo masa ƙatuwar kwalba, ya haɗa masa da 'yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ake ba mu in mun je awon ciki, folik asid. Bai tambaye shi me tsohuwar take sha ba. Ina ruwansa? Ko akuya ce ta je da kuɗi sai ya ɗaure mata a leda. Da na tsare Garzali daga baya na ce ba a ce maka kada a haɗa da wani magani ba, ku ji amsar mai ilimi: "Ai wannan ba magani ba ne, Inna Baraka, ƙarin jini ne. Kamar abinci yake." Garin neman gira aka rasa ido.

Ita kuwa Yaya, abin da ya fito daga hannun yaron nan ko garwashi ne sai ta haɗiye. Ta riƙa bin ƙwayar asibiti da cokalin kwalba da 'yar ruwan ɗorawa. Ba a jima ba cikinta ya sake. Bakinta ya fara fashewa. Tafin hannunta da ya saba da bakin kasko ya koma ba ya iya riƙe buta.

Likita ta cika alkawari, ta kira. Garzali ya ce bari ya tambayo. Ya hau babur ya zo, ya tsuguna a bayan labule.

"Inna, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Likita ce ke tambaya. Ba wani abu?"

"Alhamdu lillahi. Ka gaishe ta."

Ya kira likita ya ce ta ce da sauƙi. Haba jama'a! Wane Bahaushe ne bai san da sauƙi ba amsa ba ce? Gaisuwa ce. Na taɓa jin mutum ya ce da sauƙi, kafin mai tambayar ya kai zaure an fara kuka. Kowa ya sani, mai tambaya ya sani, mai amsa ya sani, amma muna ta miƙa ta daga baki zuwa baki kamar goro. Ni ma na kira ta a wayar maƙwabciyarta, na ji muryarta ta shaƙe, na ce me ya sami bakinki, ta ce koko ne ya ƙona ta. Da sauƙi dai.

Zugin hannu da ƙafa ya hana ta sakat, sai ta yi abin da iyayenmu suke yi in tafin ƙafa yana zafi: ta kwaɓa lalle ta ƙunsa, don ya sanyaya mata. Lallen ya kama ya yi baƙi-baƙi, ya rufe jan da likita ta ce a lura da shi. Garzali ya zo gaisuwa, ta miƙo hannu ta ƙasan labule don karɓar ledar lemo, ya ga ƙunshi. Murna ta kama shi. Da likita ta sake kira ya ce mata, "Ai jiki ya yi kyau, likita, har ƙunshi ta yi." Ni ma ya kira ni yana dariya ya gaya mini. Wannan dariyar ce ta tayar mini da hankali, don tun rasuwar Isyaku Yaya ba ta sake sa lalle don ado ba.

Ranar Juma'a na bar mai jego na hau motar kasuwa. Tun daga tsakar gida na ji wari. Na ɗaga labule. Ta ɗaura igiya a cikin ɗaki ta shanya zannuwanta, ta wanke su da waɗannan hannuwan, don kada maƙwabta su ga yawan shanya su yi tambaya. Tana kwance a ƙasa kusa da ƙofa, don ta daina iya hawa gado. Idonta ya zurma, leɓenta ya tsage, cikin bakinta duk gyambo kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Jikinta zafi rau. Na kama hannunta, fatar ƙarƙashin lallen ta tsattsage tana saɓulewa. Kuma a haka, wallahi a haka, ga ƙwaya a tafin hannunta ɗaya tana ƙoƙarin turawa da ragowar koko.

Na buge ƙwayar ta faɗi ƙasa.

"Yaya, kashe kanki za ki yi? Tun yaushe kike zawo?"

Ta yi mini alama da ido in rage murya. Ta ce da ƙyar, "An ce kada a tsallake. Yaron nan ya sha wahala kafin ya samo ta."

"Kin gaya masa?"

"In gaya masa me? Ke dai ba ki da ta ido."

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, haka muke faɗa kullum, ashe a baki ya tsaya mana. Na kira Garzali na ce in yana da uwa ya zo yanzu da mota. Ya iso zai tsuguna a inda ya saba, na cafko wuyan rigarsa na jawo shi cikin ɗakin. Na ce, "Buɗe ido ka dubi uwarka! Dube ta!" Ya duba. Ya durƙushe a gabanta. Ita kuwa, Allah na tuba, da ɗan ƙarfin da ya rage mata lalube take yi tana neman mayafi.

A Kano aka karɓe ta da gaggawa, aka ɗaura mata ruwa hannu biyu. Na kwaso duk abin da na gani a ɗakin na zube wa likita a kan tebur. Ta ɗauki kwalbar ta karanta jikinta, ta ɗauki 'yar ruwan ɗorawa, ta rufe ido ta yi salati. Ta ce folik asid yana iya ƙara wa ƙwayar nan kaifi, abin da ya kamata ya zo da sauƙi sai ya zo da ƙarfi, ga shi a kwalbar ma akwai shi. Ta ce, "Ba zan rantse miki cewa shi kaɗai ne ba. Akwai mutanen da jikinsu ba ya iya fitar da ƙwayar nan da wuri, ko ba su haɗa ta da komai ba. Amma da an tsayar da ita tun ranar da zawon ya fara, aka kawo ta, da ba mu kai nan ba."

Ni ma ban raga mata ba. Na ce, "Likita, ke ba 'yar Hausa ba ce? Kin ga tsohuwa ta rufe fuska, ba ki san abin da ake nufi ba? Me ya hana ki kori namijin ki kira ni?"

Ta ce, "Ranar nan layin marasa lafiya ya kai baranda, Mama. Na ga ta rufe fuska, na ɗauka gajiya ce. Amma na kira, ba sau ɗaya ba. Duk abin da aka ce mini shi ne da sauƙi."

Na rasa wanda zan shaƙe. Ita ma idonta ya yi ja, ta juya ta koma kan aikinta.

Suka yi iya yinsu, wannan ba zan hana su ba. An ce ƙwayoyin jinin da ke tsare jiki sun ƙare mata, cuta ta shiga jini, ƙodarta kuma ta galabaita saboda ruwan jikinta ya tsiyaye. Aka hana 'yan dubiya shiga. Ni nake goge mata baki da auduga, ni nake canza mata zani, in za a canza Garzali ya fita. Wata safiya hankalinta ya ɗan dawo, ta ce in je bakin gada in ɗauko kaskonta daga shagon mai shayi, kada ya yi tsatsa, in shafa masa mai in kife. Na ce za ki ɗauko da kanki. Ta ce, "Uhm." Daga nan ta koma zancen wata tarwaɗa da Isyaku ya taɓa kamowa wadda ta fi ƙarfin kaskon gida.

Saboda cikinta ya kumbura, suka yi mata hoto don su ga ko ciwon ne ya dawo ya toshe hanji. Garzali ya tafi neman masu ba da jini lokacin da sakamakon ya fito, don haka ni kaɗai likita ta samu. Ta ce inda aka haɗe ya kama lafiya, hanta fes, ba su ga alamar ciwon a ko'ina ba. Na ce to alhamdu lillahi. Ta dai dafa kafaɗata. Bayan kwana kaɗan, da hantsi, ina riƙe da ƙafarta, Yaya ta cika.

Ni na yi mata wanka a Wudil, ni da wata dattijuwa. Ɗinkin cikinta ya warke sumul, ɗan siririn layi, in ba ka sani ba ba za ka kula ba. Hannuwan ne muka rasa yadda za mu taɓa. Dattijuwar tana zuba ruwa tana cewa in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na san kwana na Allah ne, ba ta fi ni sani ba. Amma shi Allahn da ya ƙaddara kwana shi ya ba mu baki.

Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika da mata, maza suna waje a kan tabarmi, wasu a zaure. Na zauna a gefe ina amsa gaisuwa. Sai wata tsohuwar maƙwabciyarta, Maimuna, ta gyara zama ta ce, "Ai shi daji ba ya jin magani. In ya kama mutum sai kabari. Wahala kawai aka ba baiwar Allah da yanka da ƙwayoyi." Mata suka ɗauka. Haka ne. Ai gara a bar mutum a ɗakinsa. Wata ta ce ƙanwar mijinta ma an ce a kai ta asibitin Kano, amma yanzu kam sun ga aya, sun fasa. Wata ta ce Yelwa dai ta yi haƙuri, har ta koma ga Allah ba wanda ya ji ta yi ƙorafi, irin matan da ke nan.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Ƙarya kuke yi! Ba daji ne ya kashe ta ba. An yanke shi, an yi hoto, babu shi, da kunnena likita ta gaya mini. Zawo ne ya kashe ta! Zawo, ku ji da kyau, maza ma su ji! Ta yi ta yin sa a ɗakin nan tana ɓoye zani, kuna leƙowa kuna yaya jiki, tana da sauƙi, kuna Allah ya ƙara sauƙi, kuna tafiya. An ce in ya zo a tsayar da ƙwaya, kunya ta hana ta ji, kunya ta hana ta faɗa. Aka kawo mata na ƙarin jini daga kemis aka ɗora a kai, ba wanda ya tambayi likita. Da tana da bakin da za ta ce wayyo, da yau tana bakin gada tana zaginku. Kuma ke, ki kai ƙanwar mijinki Kano, ki shiga da ita ɗakin likita da kanki!"

Maimuna ta riƙe haɓa ta ce, "Barakatu, a gidan makoki? Ba ki da kunya?" Mijina ya aiko daga waje wai in shiga ɗaki. Ban shiga ba. Na juya zan zauna, sai na ga Garzali a bakin zaure, rungume da buhun ruwan leda da ya kawo wa mata. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

Ya tako har gabana, a cikin matan nan duka. Ya dube ni ido cikin ido.

"Inna Baraka, da gaske hoton bai nuna komai ba?"

Mata suna ta ƙifta mini ido. Na san abin da suke so in ce. Na ce, "Da gaske ne."

"Wato da ta warke."

"Haka likita take fata."

Ya ajiye buhun a hankali a gaban Maimuna, kamar mai tsoron kada ya fashe. Ya fita ta zaure, ya ratsa mazan da ke zaune ya wuce. Sai bayan la'asar aka same shi a maƙabarta.

Dangi sun yi ta sintiri a kaina, wai in je in ba shi haƙuri, in ce masa zafin rashi ne ya sa na faɗi abin da ba haka ba. Na ce ba zan ce ba, don haka ne. Suna so in ce na yi nadama, ban yi ba, kuma gobe ma in aka sake yin wannan ƙaryar a gabana zan miƙe. Amma Garzali goshin Yaya gare shi, da tafiyarta, da yadda take karkata kai in tana saurare. Duk duniya shi ne inda zan duba in gan ta. Tun ranar bai sake taka Indabo ba. Da Sallah matarsa ya aiko da turmin atamfa, shi bai zo ba, in na kira wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Juma'ar da ta wuce na gaji, na ɗaura gyaɗa a ƙulli na tafi gidansa. Babur ɗinsa yana ƙofar gida. Ina sallama na ji an kashe rediyo a ɗakinsa. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce barci yake yi. Na ce zan jira. Na yi azahar a nan, na yi la'asar a nan, ƙofar ba ta buɗe ba. Da na ga rana ta yi sanyi, motocin Indabo za su ƙare, na tashi na je bakin ƙofar na ce, "Garzali, ni ce." Ina jin numfashinsa ta ciki. Na ajiye masa gyaɗar a bakin ƙofa, na ɗauki takalmina na fita neman mota.